A Gaida 'Yarku

Danau Kota, Kuala Lumpur
12 ga Yuli, 2020

Zuwa ga Gwaggo Azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ya ƙafa, ya kunnen? Ina fatan Kawu Kalilu ma lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, daga ni har Abdulwahidu har Haidar babu wanda ya yi ko tari. Tun da kin ce waya ba ta yi miki, sai kin ga rubutu a takarda, ga shi na rubuta da hannuna. Zan ɗauki hotonsa in tura wa Hureira mai kemis ta buga miki. Ki yi haƙuri da rubutun, na san bai kai na 'yan makarantarki ba.

Gwaggo, mun sha kulle. Wata uku muna hawa na goma sha bakwai, Abdulwahidu kaɗai ke sauka kedai, wato kanti, ya yi mana cefane, ko ya yi tapau, wato ya sayo dafaffiyar shinkafa, idan na gaji da girki. Har tayil ɗin falo na ƙirga. Yanzu an sassauta, amma jirage ba su dawo ba. Maganar da aka yi da za mu taho, cewa 'yarku ta zauna wurinki ta ƙarasa zangon karatu sannan a kawo ta, ga yadda Allah ya yi da ita. Abdulwahidu ya je ofishin ɗalibai sau biyu, an ce iyalan da ke waje su dakata. Muna nan muna jira.

Bari in ba ki labarin da zai sa ki riƙe baki. Muna da maƙwabciya, Kak Noraini, dattijuwa ce ta haura sittin, tana koyar da harbin bindiga a wata ƙungiya a bayan gari ranakun Asabar da Lahadi. Ta gan ni a lif ta ce fuskata kamar wadda aka yi wa rasuwa, lallai in biyo ta in sha iska. Abdulwahidu ne ma mai zumuɗin, ni Haidar na je riƙewa. Ana auna zafin jikinka a ƙofa, ka sa takunkumi, a ba ka abin toshe kunne. Bindigar tasu ce, ba ta barin filin, kuma ko kwanson harsashi ɗaya ya ɓace babu mai tafiya gida sai an gan shi.

Malam Abdulwahidu ya kwanta rub da ciki ya harba biyar a takarda mai nisan mita hamsin, suka watse kamar an zuba wa kaji gero. Kak Noraini ta ce in gwada. Na ce ni? Ta ce boleh lah, wato za ki iya. Na gyara hijabina na kwanta. Ta sa gindin bindigar a kafaɗata, ta ce in saki numfashi rabi in tsaya, kada in fizgi kunamar, in matsa ta a hankali har harbin ya ba ni mamaki. Da aka kawo takardar, murfin kwalbar man shafawa zai rufe ramukan biyar. Malam ya yi ta juya takardar a hannunsa har muka iso gida.

Abin da ya kama ni shi ne shirun. Tsakanin fitar numfashi da shigar wani akwai ɗan lokaci da babu komai a kaina. Tun da na zo ƙasar nan ban samu irinsa ba, don haka na rubuta sunana zan riƙa zuwa duk Asabar.

A gaida 'yarku.

Taki,
Fatimatuzzahra

*

Funtuwa
9 ga Agusta, 2020

Fatimatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ƙafa sai godiya, kunne yadda kika san shi. Damina ta yi kyau. Kawunku yana lafiya, yana amsawa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da makarantar 'yan mata, ban taɓa karɓar takarda mai "tapau" da "boleh" ba sai taki. Idan Hausar ta ƙare miki ki faɗa a aiko miki.

Khaulah tana lafiya, ta yi ƙiba, haƙoranta biyu na gaba sun fito. Karatun Hausarta ya nuna, saboda haka na sa ta zama mai karanta min wasiƙu, ina huta idona tana ƙara ƙwarewa. Taki ma ita ta karanta, a tsaye, da ƙarfi. Ta yi tuntuɓe a "kunama", ta ɗauka mai harbin nan ce ta bayan tukunya, na yi mata bayani. Da ta kai ƙarshe ta juya takardar ta duba baya ko akwai saura. Na ce babu, iyakarta ke nan.

Abu ɗaya na yaba miki. Ba ki zubar da kunyarki a ƙasar mutane ba. Ranar Babbar Sallah da aka haɗa mu a wayar Hureira na ga yadda kika tsaya a bayan mijinki, kika ce mata "ana karatu dai ko?" kika yi shiru. Haka ake yi. 'Yar fari ce. Uwarki, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunanki ba, kuma ba ki lalace ba. Kada in ji kin koma irin matan yanzu masu lashe 'ya'ya a gaban surukai. Ni da ubanki kakanmu ɗaya, idan kika yi abin kunya fuskata za a kalla.

Maganar bindiga kuwa, ban san abin da zan ce ba. Mace da 'ya'ya biyu ta kwanta rub da ciki a gaban maza. Tun da mijinki ya gani ya yi shiru, ni wace ce.

Gwaggonki,
Azumi

*

Danau Kota
3 ga Oktoba, 2020

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi da ruwa ya ja baya. Mu lafiya lau, sai Haidar da ya koma amsa ni da Malayanci, in ce zo ka ci abinci ya ce makan.

Na ji abin da kika ce. Ranar Asabar da safe mata ne zalla a layinmu, ni da Kak Noraini da wasu likitoci biyu 'yan Sin. Malam ya daina kwanciya, yana zama a mamak, shagon shayin bakin hanya, da Haidar suna shan shayi har in gama. Ya ce shi dama littafi ya zo yi.

An matsar da ni mita ɗari. Gwaggo, ashe iska ma karatu ce. Akwai tutoci a gefen filin, kafin ka taɓa kunama sai ka duba wacce ta ɗaga, wacce ta kwanta, don ta kusa da kai tana iya cewa gabas ta can ƙarshe ta ce yamma. Kak Noraini ba ta yarda a yi saiti a kan baƙin tsakiya idan iska na kaɗawa, sai ka ɗan kauce masa da gangan, ita iskar ta kai maka. Kowane harbi muna rubuta shi a ɗan littafi, da lokaci da yanayin rana. Ta ce a shekara ashirin ba ta ga mai haƙurina ba. Ban gaya mata inda na koyi haƙurin ba.

Ga wata alfarma. An ce idan aka buɗe, masu takardu a shirye za a fara ba izini, kuma fasfon 'yarku zai ƙare a Disamba. Don Allah ko za a kai ta Katsina a sabunta? Ƙanwar Abdulwahidu ta ce za ta zo ta raka ku. Sannan a auna min ƙafarta da zare a faɗa min tsawonsa, na ga wani takalmi a Wangsa Maju, kullum sai na tsaya a gabansa.

A gaida ta. A ce ta dage da karatu.

Taki,
Fatimatuzzahra

*

Funtuwa
20 ga Disamba, 2020

Fatimatu,

Salamu alaikum. Muna nan da rai. Sanyi ya kama min gwiwa, ban da haka lafiya.

Ba a je Katsina ba, ba kuma za a je yanzu ba. Ke kina can kina karanta tutoci, ba ki san yadda hanya ta koma ba. Takalma kuwa tana da huɗu, ban ga abin ɓata zare ba.

Kin tuna Hambali mai kawo mana itace? Sati uku da suka wuce masu bindiga suka shiga ƙauyensu da rana tsaka. Yana gudu da buhun masara a ka suka same shi daga nesa, a baya. Matarsa da 'ya'ya shida suna kwana a aji a firamaren bayan gidanmu. Na aika Khaulah ta kai musu tuwo, ta dawo ba ta ci nata ba. Can ta ce, "Mama, irin bindigar da Maman Haidar take harbawa ce?" Na ce bindiga dai bindiga ce, ba ta da ta wasa. Ta sake tambaya ko ke ma kin iya samun mutum daga nesa. Na ce ai ta karanta da bakinta, malamarki ta ce ba ta ga kamarki ba.

Ta ɗan yi zazzaɓi bayan nan, ya sauka.

Azumi

*

Danau Kota
4 ga Afrilu, 2021

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi mana fatan ganin watan azumi lafiya. Na rubuto a Janairu, na rubuto a Maris, Hureira ta ce ta miƙa miki duka biyun. Wataƙila gwiwar ce ta hana amsa. Allah ya jiƙan Hambali. Zazzaɓin 'yarku kuma Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga ta fara ce miki Mama. Madalla, ai kin cancanta.

Takarda muke harbi, Gwaggo. Takarda ce kawai, a bayanta tudun ƙasa. Don Allah a gaya mata haka, ko kuma tunda ita ke karantawa, ga shi ta gani.

An sake kulle mu a Janairu. Da filin ya rufe sai na riƙa kwanciya a falo da sandar mofa a kafaɗa, in ɗora kwabo a kanta, in yi ta numfashi kada ya faɗo. Malam ya ce na fara taɓuwa. Da aka buɗe Kak Noraini ta kai ni layin mita ɗari uku, da babbar bindiga mai madubi. Daga can takardar ba ta fi ƙwayar wake ba idan ka cire ido daga madubin. Harsashi ma yana gajiya a hanya ya sunkuya, sai ka ɗaga masa. Akwai gasar mata bayan Sallah, kwana biyu, ta sa sunana. Ni kaɗai ce baƙar fata a jerin.

Maganar fasfo tana nan. Ba na son in dame ki, amma tana nan.

A gaida 'yarku.

Fatimatuzzahra

*

Funtuwa
22 ga Agusta, 2021

Fatimatu,

Salamu alaikum. Mu dai muna lafiya yanzu, idan akwai mai tambaya.

Tun gaisuwar ƙaramar Sallah babu takarda. Wata uku ke nan. Babbar Sallah ta zo ta wuce, Khaulah ta yi kwalliya ta zauna a benci a kemis ɗin Hureira daga hantsi har la'asar, waya ba ta yi ƙara ba.

A watan jiya taifot ya kwantar da ita, kwana shida muna asibiti. Ni na kwana a ƙasa da wannan gwiwar, ni na riƙe hannun da ake sa ruwa. A kwana na uku da jikin ya yi zafi sosai ta tambaye ni ina kike. Me zan ce? Na ɗauko takardarki ta Afrilu na nuna mata layin. Na ce kin tafi gasa, idan kin ci kofi za ki tuna da mu. Ba ta sake tambaya ba.

Ina fatan an ci kofin.

Azumi

*

Danau Kota
11 ga Satumba, 2021

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutu, hannuna bai gama dawowa ba.

Ba a yi gasa ba. An rufe gari tun kafin ranar. Ranar sha tara ga Yuni motar asibiti ta ɗauke ni daga gidan nan, Haidar yana leƙe ta baranda. Kwana ashirin da uku na yi da robar iska a hanci. Suna juya mu rub da ciki don huhu ya buɗe, haka na kwanta ina ƙirga numfashi yadda Kak Noraini ta koya min, in saki rabi in tsaya in jawo wani. Matar da ke gadon damana ta rasu, aka kawo wata ita ma ta rasu. Kak Noraini ma tana kwance a asibitin, a hawa na sama da ni, ban sani ba, sai da na fito Malam ya gaya min an binne ta, mutum huɗu ne a jana'izar. Ranar Babbar Sallah ko zama ban iya yi ba sai an tallafe ni.

Duk wannan kin sani. Abdulwahidu ya kira Hureira ranar da aka kai ni, ya sake kira da aka ce jikin ya tsananta a yi addu'a. Hureira ta rantse min da kanta ta taka har gida ta gaya miki, ta ɗaga murya saboda kunnen, kika ce Allah ya sawwaƙe. Kin sani, Gwaggo, kika dubi yarinya a gadon asibiti kika ce mata ina wurin wasa. Ni ma ba a gaya min tana kwance ba sai a takardarki.

Ban taɓa ɗaga miki murya ba, ba zan fara a takarda ba. Amma raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi ba. Me na yi miki? Kin ce in yi kunya na yi. Kin ce kada in kira suna ban kira ba. Sai kuma a ɗauki shirun nawa a nuna mata a ce ga uwarki.

Ina roƙonki da girman Allah ki gaya mata gaskiya.

Fatimatuzzahra

*

Funtuwa
17 ga Oktoba, 2021

Fatimatu,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Allah ya jiƙan malamarki idan Musulma ce.

E, na sani. Ba a gaya wa yarinya mai zazzaɓi cewa uwarta na bakin mutuwa. Da na ce kina asibiti da kuka za ta yi ta ƙi shan magani. Da na ce kina gasa shiru ta yi ta shanye. Ke da kike da ilimin iska, ki auna wanne ya fi. Takardarki ta Satumba ban ba ta ba, babu ladabi a cikinta.

Kin tambaye ni me kika yi min. Ba ki yi min komai ba, ke ce dai uwa ta biyar. Allah bai ba ni haihuwa ba, dangi kuma sun san ƙofata. 'Ya'ya huɗu na riƙe kafin wannan. Ana kawo min su da majina da ƙazuwa, in wanke, in koya musu baƙi da wasali, in yi jinyar ƙyanda. Ranar da suka zama mutane sai a aiko mota, a ce an gode Gwaggo. Ta ƙarshen ko bikinta a bakin mutane na ji. Na kai shekara sittin da takwas. Wannan ita ke ɗaure min ɗankwali idan kafaɗa ta ƙi, ita ke jin sallama ta gaya min an yi baƙo. Ba zan tsaya a ƙofa in ɗaga wa mota hannu karo na biyar ba. Na faɗa miki a fili don kada ki ce na yi munafunci.

Na kai wa Kawunku takardunki na harbi, an karanta masa. Ya ƙirga da carbinsa sau nawa aka ambaci bindiga da harsashi, ya gaji ya ajiye. Ya kira mijinki a waya. Kin san Abdulwahidu, da wane baki zai ce wa wanda ya ba shi aure a ba shi 'yarsa ta fari? Cewa ya yi duk yadda manya suka yanke. Kawu ya yanke cewa a bar ƙanwar mijinki ta yi mata fasfo a hutun Disamba, kada a ce mun tauye ku. Ranar da hanya ta buɗe kuma za a zaunar da Khaulah a gabansa a tambaye ta. Inda ta zaɓa nan za ta zauna, magana ta ƙare.

Na yarda da wannan hukunci. Ke ma ki yarda.

Azumi

*

Danau Kota
20 ga Maris, 2022

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Kawu. Mu lafiya, an yi mana allura har uku.

An ce ranar ɗaya ga Afrilu za a buɗe ƙasa. Takardun sun fito. Matar Malam Hassan, abokin karatun Abdulwahidu, za ta zo gida Sallah, za ta biyo ta Funtuwa kafin ta dawo, an yanki tikiti biyu. Na ji abin da kika faɗa game da 'ya'ya huɗu, wallahi na yi kuka, kuma na yi alkawarin duk dogon hutu za ta zo miki. Abin da ke ƙasa ba naki ba ne. Ki yafe min, yau zan ajiye kunya. Ki ba ta ta karanta kafin a zaunar da ita. Wannan kaɗai nake roƙo.

Khaulah.

Khaulah, ni ce mamanki. Ni na zaɓa miki sunan nan tun kina ciki, na raɗa wa babanki a kunne don ba a jin bakin uwa a sunan 'yar fari. Shekara tara ina faɗarsa a zuci, yau na rubuta. Khaulah.

A gidanmu uwa ba ta kiran 'yar fari, ba ta yabonta a gaban mutane. Iyata ma haka ta yi min. Amma ni ina ganin hannunta. Tana tura min tsokar nama ƙarƙashin tuwo, tana taɓa goshina idan ta ɗauka na yi barci. Ban taɓa shakkar tana sona ba. Na ɗauka ke ma haka za ki gane, na manta hannuna ba ya kaiwa Funtuwa. Kuskurena ke nan, ba naki ba.

Na cika takardu da labarin bindiga don shi ne abin da aka yarda in faɗa. Abin da ya kai ni filin nan ke ce. Tun da na baro ki ba na iya zama, ba na iya cin abinci sosai, komai na gani sai in ce da Khaulah na nan. Idan na kwanta na sa ido a madubi na riƙe numfashi, nakan samu daƙiƙa uku da kewarki ba ta cina. Daƙiƙa ukun nake bi duk Asabar. Ban taɓa harbin abu mai rai ba, ko tsuntsu. Satin jiya na koma karo na farko tun da na fito asibiti, na kwanta a layin ɗari uku, numfashina ya ƙi tsayawa, cikin harsashi goma, biyu kaɗai ne suka taɓa takarda. Na miƙa musu katina na ce na gama.

Lokacin da kike asibiti ni ma ina asibiti, Khaulah, shi ya sa ban kira ba. Ban je gasa ba. Ina kwance ina roƙon Allah kada ya ɗauke ni ban ƙara ganinki ba.

Gadonki yana nan kusa da taga, daga nan ana hango jirgin ƙasa yana wucewa a sama da titi. Haidar yana ce wa abokansa yana da yaya. Idan Kawu ya tambaye ki, ki faɗi abin da ke ranki, ba zan yi fushi ba. Amma ina sonki, ina so ki zo. Ki zo, Khaulah.

Mamanki,
Fatimatuzzahra

*

Funtuwa
15 ga Mayu, 2022

Fatimatu,

Salamu alaikum. An yi Sallah lafiya. Gwiwa da sauƙi tun da zafi ya shigo. Kawunku yana gaishe ku.

Matar Malam Hassan ta zo ranar Talata, mace mai hankali, ta ci abinci ta yi salla. Bayan la'asar aka taru a zauren Kawu, da ni da ita da ƙanwar mijinki da Hureira, don kada a ce babu shaida. Ban yi magana ba, kowa zai gaya miki. Na zauna can gefe ma don kada a ce ina yi mata ido.

Kawu ya yi mata bayani da kyau. Ya ce ga jirgi, ga babanta, ga ƙaninta, ga uwar da ta haife ta tana kira. Ya tambaye ta sau uku. Biyun farko ba ta ɗago ba. A na uku ta ce tana gaida Baba da Haidar, amma ita a nan za ta zauna. Matar Malam Hassan ta matso ta kama hannunta, ta ce haba 'yata, mamanki fa kullum sai ta yi zancenki. Khaulah ta zare hannun. Ba ta yi kuka ba, ta dube ta ta ce:

"Takardunta duk ni na karanta. Ko sunana ba ta sani ba."

Kawu ya shafa fatiha, aka tashi. Na mayar wa baƙuwar da fasfon da kayan da kika aiko, ban da alewar, ita an raba wa yaran maƙwabta.

Saura maganar takardarki ta Maris. Tun farko kowace takarda sai na sa tabarau na duba ta a kemis kafin in kai gida, wannan ma haka. Na karanta ta sau biyu, na ce wa Hureira ta goge hoton daga wayarta. Ban taɓa ganin uwa ta zubar da mutuncinta irin haka ba, ki kama sunan 'yar fari kina ta maimaitawa kamar mai talla, har da ina sonki. Da Kawunku ya ji wannan da ba ki ƙara ɗaga kai a dangi ba. Takardar tana ƙasan akwatina lokacin da ake zaman zaure, ina jin yarinyar tana faɗin abin da ta faɗa. Ban fito da ita ba, ba kuma zan fito da ita ba. Jiya na hura wuta da ita.

Ba sai kin gode min ba. Asirinki na rufa.

Gwaggonki,
Azumi